Jerin Kawu Nomau

Layi ɗaya ne ya fara ɗauke mini ido a gilashin kwamfuta, a tsakiyar dubban layukan da ban gane rabinsu ba. Can tsakanin alamomi da kalmomin Turanci wani ya rubuta da Hausa: "A nan muke jiran ruwa." A ƙarshen layin ya sa M.S. Na karanta ya fi sau goma. Rana na dukan kwanon rufin ofis, zufa na bin gadon bayana, ni kuwa na tallafe haɓa ina murmushi kamar wadda aka kawo wa wasiƙa.

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Hadari sai ya haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su shiga akurki, iska ta taso ta watsa shi. Shi ya sa kwanakin nan waccan shekara take ta dawo mini, shekarar da na hana ƙauyenmu irin shuka da hannuna, ina ganin gyara nake yi.

Sunana Luba, 'yar Gangara ce ni. A lokacin na dawo ke nan daga Sakkwato da takardar shaidar karatun kwamfuta, da jaka guda cike da littattafan soyayya, irin waɗanda ake bazawa a tabarma a bakin kasuwa. Na tarar da gida ba yadda na bar shi ba. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fitar da kai, aka girbe ƙaiƙayi. Kafin bazara ta yi nisa rumbunmu ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma daga baya suka tashi. Inna takan auna rabin tiya da safe, ta dube shi, ta ɗebe hannu guda ta mayar. Kunu da hantsi, tuwo sau ɗaya bayan la'asar. Sauran cikin a cika shi da kwaɗon busasshiyar tafasa, ko anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana uku ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Har yau in na tuna sai bakina ya yi bauri. Fulanin da ke kawo mana nono suka daina zuwa da ƙwarya, suka koma zuwa da shanun kansu, ƙashin haƙarƙari a waje, suna neman mai saye.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa a gidan. Baba ya zuba irin shuka a wani tulu, ya liƙe bakin da laka, ya tura shi ƙarƙashin gadonsa. Ko Inna ba ta share wurin.

Kawu Nomau, ƙanen Inna, shi ya samo mini aiki a ofishin ƙungiyar manoma a Sabon Birni, wani ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Ƙungiyar tana da gwangwanin auna ruwan sama a ƙauyuka bakwai. Aikin Kawu shi ne ya hau babur ɗinsa duk mako ya zagaya su, ya duba abin da kowane gwangwani ya tara, ya zubar, ya wuce. A Gangara yake ƙarewa, tun da nan ne gida. Sai ya hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, ya aiko da saƙon tes guda ɗaya: lambobi bakwai, waƙafi a tsakaninsu, babu sunan gari ko ɗaya. Kawu yana karanta ajami kamar ruwa, ya san lamba, amma boko bai taɓa shiga kansa ba.

Saƙon kuwa wata manhaja ce take karɓarsa a tsohuwar kwamfutar ofis, ta fitar da takarda mai nuna ruwan kowane ƙauye. Manhajar ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake a intanet, duk wanda ya iya yana iya karantawa, ya gyara, ya aika a duba, in an yarda a haɗa. Ta fi shekara goma ana ƙara mata, hannu ya fi talatin, daga nan, daga Maraɗi, daga wuraren da ban san sunansu ba. Wani ya bar tazara biyu a farkon layi, wani huɗu, wani takwas. Abu ɗaya sai ka same shi da suna uku, a nan Hausa, a can Turanci, a gaba Faransanci. Tana aiki, amma karanta ta kamar shiga gidan haya ne wanda kowane ɗan haya ya fasa ƙofa inda ya ga dama.

Mai duba gyaran kowa kafin a haɗa shi ne M.S. Ban san komai game da shi ba sai cewa a garin Isa yake. Sauran na cika da kaina. Na ba shi shekara talatin da biyu, da tsawo, da farar shadda mai ƙamshin turare, da wani baƙin ciki na ɓoye wanda sai mace ɗaya za ta iya ganewa. Wani lokaci Mahmud Sadik ne, wani lokaci Mukhtar Sulaiman. Mutumin da zai rubuta "a nan muke jiran ruwa" a cikin injin, ai ba ruwa kaɗai yake jira ba. Haka na yanke.

Cikin bazarar nan ya aiko wa kowa saƙo cewa lokaci ya yi da za a yi wa manhajar shara. Tazara huɗu ko'ina, sunaye su daidaita, layin da ya yi tsawo a karya shi. Ya ja kunne da cewa shara ce, ba gini ba: a gyara kamanni, kada a canja abin da take yi. Ya rarraba sassa. Ni ya ba ni sashen da ke karɓar saƙon tes.

Janareton ofis awa biyu ake kunna shi, daga hantsi zuwa kafin azahar, saboda mai. Cikin awa biyun nan nake zama, kunu ɗaya a ciki, ina tura layi dama, ina jawo layi hagu. Idan za ni aika aiki sai na hau benci na ɗaga modem, 'yar na'urar kama intanet, wajen taga. Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda za ni iya faɗa. A waje komai ya fi ƙarfina, rana, yunwa, fuskar Inna. A gilashin kwamfuta kuwa duk abin da ya karkace ina iya miƙar da shi.

Can wajen tsakiya na ci karo da sunayen ƙauyukan nan bakwai, an jera su yadda aka ga dama. Unguwar Lalle a sama, sai Tara, Lajinge, Makuwana, Kurawa, Gatawa, Gangara a can ƙasa kamar wadda aka manta. Babu bayani a kansu ko kalma ɗaya. Na ce wannan kuma wane irin rashin tsari ne? Na jera su bisa baƙaƙe, yadda aka koya mana. Gangara ta hau sama, Unguwar Lalle ta koma ƙarshe. Har wani daɗi na ji da na ga garinmu ne na farko.

Na haɗa wannan da sauran gyaran, layi wajen ɗari huɗu, na aika. Bayan kwana biyu amsa ta zo: "Madalla. Kin share ɗakin nan tsaf." Na kwafe ta a bangon wani littafina na ciki. Kin share ɗakin. Ban ga abin da ya rage ba sai a kawo lefe.

Ruwan farko ya sauka ko'ina a rana ɗaya, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Na je gida aka yi shuka da ni. Baba ya fasa lakar bakin tulun da bismilla. Shi a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kwana huɗu hatsi ya tsiro, gona ta yi kore-kore. Na koma bakin aiki da sanyin rai.

Mako na fari takarda ta fito, Gangara ce kan gaba a ruwa. Mako na biyu haka. Na aika wa Inna da albishir ta hannun wata mai sayar da kuka. Ranar kasuwa sai ga Baba ya shigo ofis, ya zauna a bakin benci, ya kwance bakin rigarsa ya zazzage mini wani abu a tebur. Tsiron hatsi ne, ya bushe ya murɗe kamar zaren da aka ƙona.

"Ga ruwan da kika aiko muna," ya ce.

"Baba, takarda ta ce an yi sau biyu."

"To wataƙila cikin takardar anka yi shi. Mu dai tun na shuka ko yayyafi ba mu gani ba."

Na buɗe saƙonnin Kawu, lambobi bakwai cif. Na duba lissafin manhaja, daidai. Na sake dubawa, daidai. Na fara tunanin ko yara ne ke zuba ruwa a gwangwanin Gangara don wasa. To a wannan shekara wa ke da ruwan wasa? Ko hadari ne ke sauka a kan gwangwanin kaɗai ya tsallake gonaki? Wallahi har wannan na yi tunani, don na taɓa karanta labarin da aka yi ruwa a kan gida ɗaya saboda wata baiwar Allah. Sakataren ƙungiya, Malam Isiya, ya ce kada in wahalar da kaina. Bana kowane ƙauye cewa yake shi ne ya fi bushewa.

A mako na uku ƙungiya ta samu iri mai saurin nuna, buhu goma sha biyu. Ba zai ishi ƙauye biyu ba. Shekarun baya rabon iri ya sha haɗa faɗa, kowane ɗan kwamiti na jan na garinsu, shi ya sa suka yi alkawari a gaban liman cewa ba za a ƙara bin bakin kowa ba, takarda za a bi. Ƙauyen da ya zo ƙarshe a ruwa shi zai ɗauka. Ni na buga takardar, ni na miƙa. Unguwar Lalle ce a ƙarshe, mako uku babu ko ɗigo. Aka yi lodi, mota ta tafi.

Kwana biyu bayan haka mutanen Gangara suka zo, sun kai goma sha biyar, sun taso Kawu Nomau a gaba kamar ɓarawon akuya. Baba na cikinsu, a baya. Wani dattijo da ake kira Ɗan Jimma shi ke magana.

"Nomau, faɗi gaban mutane. Mi Unguwar Lalle sunka ba ka?"

"Su ba ni mi? Ni da nike kwana cikinku? Gonata ba ta ƙone ba?"

"To wa ya ce ma kwamfuta muna iyo?"

"Ni dai sihiri nike aika ma Gangara. Mako ukku, sihiri, sihiri, sihiri!" Yana nufin sifili. Ya juyo wajena, idonsa ja. "Luba, ke ɗiyata ce. Gaya musu."

Na ce, "Kawu, lambobinka na nan. Amma takarda…" Ban san ƙarshen maganar ba.

Ya zaro wayarsa daga aljihu, wata 'yar ƙarama da aka ɗaure da roba, ya buɗe saƙon ƙarshe ya ɗaga sama. Ya fara ƙirgawa da yatsu, yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ta nan. Ta hwarko Unguwar Lalle, nan nike fara zuwa da sassahe, ruwa sun samu, hatsinsu ya kai gwiwa. Sai Tara. Sai Lajinge. Makuwana, Kurawa, Gatawa. Ta ƙarshe gida, sihiri. Shekara goma sha ɗaya haka nike bi, ko babur ɗina ya san hanyar."

Tun yana Lajinge na gane. Na san wannan jeri. Na gan shi, na raina shi, na gyara shi. Ba rashin tsari ba ne, hanyar Kawu ce. Manhajar ba ta san ƙauye ba, lamba ta farko take ba sunan farko, ta biyu ta ba na biyu. Da na ɗora Gangara a sama sai ta riƙa karɓar ruwan Unguwar Lalle, Unguwar Lalle kuma ta karɓi farinmu.

A littafi, a irin wannan wuri yarinyar sumewa take yi, ta farka a asibiti an riga an yafe mata. Na jira, ban suma ba. Na miƙe tsaye na ce ni ce.

Ba wanda ya gane. Na yi bayani da Hausa, na koma na zana a takarda, na jera duwatsu bakwai a ƙasa ina musanya su. Ɗan Jimma ya ce, "Wato ke kinka ɗauke ruwan?" Na ce a'a, suna na matsar. Ya ce, "Kin matsar da Gangara ina?" Na ce sama. Ya ce, "To ba ga shi kin ɗaukaka mu ba, mi ya kawo yunwa ciki?" Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Ni kaina ina bayanin ina jin kamar ƙarya nake yi. Ta yaya jera suna zai kwashe buhu goma sha biyu daga wani gari ya kai wani?

Baba ne ya yi tambayar da ta tsaya mini. A hankali ya ce, "Jerin da kika tarar, ya lalace ne?"

"A'a, Baba."

"To mi ya kai ki?"

Na ce bai yi kyau ba ne. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya fita.

Washegari da asuba Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa Unguwar Lalle, da wasiƙar Malam Isiya a hannuna. Sai da muka yi nisa ya ce in riƙe da kyau, akwai yashi. Muna shiga yankinsu iska ta canja. Gonaki kore shar, mata na noman farko. Na ji kunya kamar na shigo gidan biki da tsumma.

An riga an raba irin gida-gida. Wasu sun cike gurabun gonarsu da shi. Wasu kuwa, da yake su ma rumbunsu babu komai, sun kai shi turmi. Mai gari ya saurare mu, ya sa aka yi shela. Muka shimfiɗa buhu a gindin wata bedi muka zauna. Har rana ta take babu kowa. Sai wata tsohuwa ta zo da ƙwarya a ka, ta sauke, ta ƙare mini kallo.

"Ke ce mai injin?"

"Ni ce, Inna."

"Mu ma mun yi mamaki. Munka ce yau gwamnati ta ga masu ruwa ta ƙara musu. Ashe ɗiya ce ke wasa." Ta juye tiya biyu a buhun. "Saura na ci, ba ni amayo shi."

Bayanta wasu suka biyo, mai tiya, mai rabin tiya, mai cikin tafin hannu a ƙullin zane. Wani ya zo ya tsaya ya zage mu tas, ya tafi, ya dawo da kwano cike. Kafin la'asar mun tara buhu biyar, na biyar ɗin bai cika ba. Aka nemo amalanke.

A Gangara aka yi rabon a ƙofar mai gari, kowane gida abin da bai kai tiya ba. Da aka kira sunan Baba sai ya ce a wuce.

"Gidana ya riga ya ci rabonshi cikin kwamfuta."

Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Na koma gida na shige ɗakin Inna na kwanta ina kallon azara. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta dai miƙo mini anza ta ce in canja mata ruwa. Gab da magariba muka ji sallama. Kawu Nomau ne, kansa babu hula. Hular na hannunsa, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, cike da iri. Rabin rabonsa ne. Ya ajiye a gaban Baba.

"Ba kai na kawo ma ba, yayata na kawo ma. In kana da ƙarfin hali ka hana ta."

Baba bai taɓa hular ba. Inna ce ta fito ta juye a ƙwarya, ta kakkaɓe hular ta miƙa wa ƙanenta.

Sauran aikin shi ne a mayar da jerin yadda yake, kuma M.S. kaɗai ke iya haɗa gyara. Sabis ya ɗauke kwana uku, sai Kawu ya ce mu je Isa kawai, ya san gidan. Duk da abin da ke raina, sai da na sa atamfata mai ruwan goro na shafa kwalli. Ban san me ya sa ba. Na sani mana.

Muka tsaya a ƙofar wani gidan ƙasa. A zaure wani tsoho na zaune a kan buzu, siriri, da tabarau mai kauri an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, haƙoransa ja da goro. Laftof na kan wani kwali a gabansa, jikokinsa na rarrafe a kai. Na gaishe shi na tsaya ina jiran ya kira ɗansa.

"Malam Shehu," in ji Kawu, "ga ɗiyar da ta juya muna ƙasa."

Malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Farar shadda, turare, baƙin cikin ɓoye, duk suka bi iska a zauren nan, ni kuwa ina tsaye da kwalli.

Ya saurare ni har na gama. Ya buɗe gyaran da na aika, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya yi ta gangarawa. Da ya iso wurin sai ya cire tabarau ya riƙe.

"Na duba wannan da kaina. Layi ɗari huɗu, duk tazara. Wajen na ɗari biyu idona ya gaji, na ce sauran ma haka ne." Ya juya ga Kawu. "Kuma ni na rubuta jerin nan, kana zaune nan inda kake kana faɗa mini garuruwan. Na ce wa zai manta? Ban sa bayani ba."

"To laifin wa ke nan?" na tambaya. Da gaske nake son in sani.

"Zauna ki gyara," ya ce.

Na mayar da sunayen yadda suke. Ya ce in rubuta dalili a sama, da kalmomin da ko baƙo zai gane. Na rubuta: "Wannan jeri hanyar babur ɗin Nomau ce, daga Unguwar Lalle zuwa Gangara. Lambobin saƙo haka suke zuwa. Kada a sake jera shi." Ya karanta wa Kawu. Kawu ya ce a ƙara cewa babur ɗin ja ne. Malam Shehu ya ce a ƙara. Daga ranar ya kafa doka: mai gyaran tazara ya aiko tazara kaɗai, wanda ya matsar da wani abu daga wurinsa, ko da suna ne, ya aiko shi daban.

Da za mu tafi na kasa haƙuri, na tambaye shi layin nan na jiran ruwa. Ya yi tunani.

"A'a, wurin da injin ke tsayawa ne har saƙon Nomau ya shigo. Na rasa yadda za ni ce da Turanci."

Ruwa ya dawo Gangara bayan kwana tara. Da rana tsaka ya zo, da iska mai ɗaga rufi, ƙasa na shanye shi tana ƙara kamar mai a kasko. Muka fita tun bai gama ɗaukewa ba. Baba a gaba da sungumi, ni a bayansa da ƙwaryar Inna. Maimakon a ɗebo da yatsu uku a jefa yadda aka saba, ƙwaya huɗu-huɗu muke ƙirgawa a kowane rami. Laka na kama ƙafata, yunwa na sa ni ganin duhu-duhu in na sunkuya. Irin ya ƙare bai kai rabin gona ba. Baba ya tsaya a inda ya ƙare, ya kafa sungumin, ya ce, "Layinki dai ya miƙe." Har yau ban san ko yabo ne ba.

Da kaka muka ɗaure dami tara, a gonar da ke ba da arba'in. Gidaje uku a unguwarmu ba su kai kakar ba, sun kulle ƙofa sun tsallaka Nijar wajen dangi, biyu ba su dawo ba. Ko da buhu goma sha biyun sun zo a kan lokaci, za su zauna? Na sha lissafa wannan, amsar ba ta fitowa iri ɗaya.

Yanzu ni ce nake duba gyaran mutane, tun da Malam Shehu ya rasu. Littattafan na nan a akwati, wani lokaci ina buɗewa. Gwangwanayen bakwai saura biyu, su ma masu waya ne a garuruwan ke aiko lamba da sunan gari a jiki. Hanyar da Kawu ke bi ba mai bin ta yanzu, kowa ya san dalili, 'yan bindiga sun tare ta. Manhajar ta daina dogara da jerin tuntuni. Watan jiya ma wani daga Maraɗi ya aiko gyara mai kyau, ya jera sunayen bisa baƙaƙe, ya ce bayanin da ke sama ya tsufa. Gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri, na ƙi haɗawa, na kasa gaya masa dalilin da zai gamsar da ni kaina.

Kawu Nomau yana wurina a Sabon Birni tun da aka taso su daga Gangara. An sayar da babur ɗin, idonsa ya tafi, sai haske da duhu yake rarrabewa. Jiya da la'asar hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa labule. Yana zaune a ƙofar ɗaki ya ɗaga hanci sama.

"Luba, wanga na Unguwar Lalle ne. In ya yi ƙarfi shi kai Tara." Ya fara lanƙwasa yatsu, Lajinge, Makuwana, Kurawa, Gatawa. A na bakwai, na Gangara, ya tsaya, yatsan a miƙe.

"Kawu, saura ɗaya."

"Na sani," ya ce. "Jira nike."